Bin Diddigin Matsalar Agogon Gudu a Ƙananan Jiragen Sama: Daga Alamomi zuwa Gyara

Tsakure

Agogon gudu na cikin na'urorin da ƙaramin jirgin sama ba ya tashi sai da su. Idan ya fara ba da labarin ƙarya, abin da akan fara yi shi ne a kwance shi a aika wurin gyara, ko a sayo sabo. Wannan maƙala ta nuna cewa sau da yawa agogon ba shi da laifi, matsalar tana cikin bututu, tiyo da hudojin da ke kai masa iska. An bayyana yadda tsarin yake aiki, an auna girman matsin iskar da agogon ke karantawa, an tsara alamomin kowace irin matsala, sannan an kawo matakan bincike tun daga wanda ba ya cin ko kwabo har zuwa kwance agogon. An ɗauki jirgin Cessna 172S a matsayin misali.

1.0 Gabatarwa

Matuƙin jirgi yana bukatar sanin saurinsa a cikin iska fiye da saurinsa a kan ƙasa, domin iskar da ke bi ta kan fiffike ita ke ɗauke da jirgin. Idan saurin ya yi ƙasa ainun, fiffike ya daina ɗauka, jirgin ya sulmiyo. Idan ya wuce kima, jikin jirgin na iya samun lahani. A fuskar agogon Cessna 172S an shata waɗannan iyakoki da launi. Farin zane ya kama daga not 40 zuwa 85, kore daga 48 zuwa 129, rawaya daga 129 zuwa 163, jan layi kuma yana kan 163, wanda ba a tsallake shi. Not ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa.

Tazarar da ke tsakanin saurin hawa na wannan jirgi, wato not 74, da saurin da fiffike ke kasawa, wato not 48, ba ta wuce not 26 ba. Ke nan kuskuren da bai taka kara ya karya ba a idon mai kallo yana iya cinye rabin wannan tazara. Wannan ne ya sa batun ya shafi makarantun koyon tuƙi irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, da masu jiragen kansu, da injiniyoyin da ke kula da su.

2.0 Yadda Tsarin Yake Aiki

Asalin dabarar ta Henri Pitot ce, injiniyan ƙasar Faransa da ya yi amfani da lanƙwasasshen bututu a 1732 don auna gudun ruwan kogin Sen. A jirgin sama, bututun Pitot yana fuskantar gaba, iska tana bugun bakinsa, matsin da ke cikinsa yana ƙaruwa gwargwadon sauri. A Cessna 172 yana ƙarƙashin fiffiken hagu. Akwai kuma 'yar huda a gefen hagu na jikin jirgin, gaban ƙofa, wadda ke ɗaukar matsin iskar da jirgin ke ciki ba tare da bugun gudu ba. Ita za mu riƙa kira hudar gefe. A jiragen Piper PA-28 an haɗa kafofin biyu a jikin sanda guda a ƙarƙashin fiffike.

A cikin agogon akwai wata 'yar jakar ƙarfe mai laushi. Iskar bututun Pitot tana shiga cikin jakar, iskar hudar gefe tana cika kwankon da jakar ke ciki. Bambancin matsin biyu ke kumbura jakar, kumburin ya motsa wasu ƙananan haƙora da sanduna, su kuma su juya hannun agogo. Babu lantarki a wannan aiki ko kaɗan.

Abin da zai taimaka wa mai bincike shi ne cewa agogo uku ke shan iska daga hudar gefe: agogon gudu, agogon tsayi, da agogon hawa da sauka. Amma bututun Pitot agogon gudu kaɗai yake yi wa hidima. Saboda haka tambayar farko a kullum ita ce, agogo ɗaya ne ya rikice ko duka ukun?

2.1 Ƙanƙantar Matsin da Ake Aunawa

Matsin gudu shi ne rabin nauyin iska a kowace mita mai murabba'i uku, a ninka da sauri, a sake ninkawa da sauri. A daidai da gaɓar teku, inda nauyin iska yake kilogiram 1.225, gudun not 100 yana haifar da matsin hektofaskal 16 da ɗoriya, kimanin abin da zai ɗaga ruwa santimita 16 da rabi a cikin tiyo. A not 60 matsin bai kai hektofaskal 6 ba. Matsin sararin samaniya kuwa a wannan wuri 1013 ne. Wato agogon yana karanta ƙasa da kashi biyu cikin ɗari na iskar da ke kewaye da shi.

Abu biyu suka biyo bayan wannan. Na farko, ɗigon ruwa a cikin tiyo ko 'yar tsaga a bakin mahaɗi sun isa su ɓata karatu. Na biyu, a kusa da ƙasa, duk hawan ƙafa 27 zuwa 30 yana rage matsin iska da hektofaskal ɗaya. Hawan ƙafa 500 kawai ya fi ƙarfin dukan matsin gudun not 100. Da zarar ɗaya daga cikin kafofin biyu ta toshe, canjin tsayi zai danne canjin sauri a fuskar agogon.

3.0 Alamomi da Ma'anarsu

3.1 Toshewar bakin bututun Pitot kaɗai

A ƙasan bututun akwai 'yar hudar tsiyayar ruwa. Idan baki ya toshe amma wannan huda tana buɗe, iskar da ke ciki za ta zurare, hannun agogo ya faɗi zuwa sifiri. Sauran agogon biyu suna aiki lafiya. Wannan ita ce matsala mafi sauƙin ganewa, domin ba ta yaudarar kowa.

3.2 Toshewar baki da hudar tsiyaya tare

A nan iska ta maƙale a cikin tiyo, agogon gudu ya koma aikin agogon tsayi. Yana hawa idan jirgi ya hau, yana sauka idan jirgi ya sauka. A ɗauka bututun ya toshe tun jirgi yana ajiye a filin da ke kusa da gaɓar teku. A kan titi hannun agogo ba zai motsa ba. Idan matuƙi bai lura ba ya tashi, a tsayin ƙafa 200 agogon zai nuna kusan not 67, a ƙafa 250 ya nuna kusan 74, daidai da saurin hawan da matuƙi ke nema. Hankalinsa sai ya kwanta, ya ɗauka agogon ya farfaɗo. A ƙafa 500 hannun ya haura 100. Matuƙin da ya gaskata shi zai ƙara ɗaga hancin jirgi don rage gudu, alhali gudun gaskiya yana ta raguwa zuwa inda fiffike zai kasa.

Haka ta faru da jirgin Birgenair mai lamba 301, ƙirar Boeing 757, a daren 6 ga Fabrairu 1996 bayan tashinsa daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika. Kyaftin ya ga agogonsa bai motsa ba a kan titi, ya ci gaba da tashi, agogon ya fara nuna gudu mai yawa yayin hawa, jirgin ya faɗa teku, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun fi zargin gidan laka na ƙwaro a cikin bututun, domin jirgin ya daɗe a ajiye ba a rufe bututunsa ba.

3.3 Toshewar hudar gefe

Wannan tana taɓa agogo uku. Agogon tsayi ya daskare a inda toshewar ta same shi, agogon hawa da sauka ya tsaya a sifiri, agogon gudu kuma ya riƙa nuna ƙasa da gaskiya yayin hawa, sama da gaskiya yayin sauka. A kan titi komai zai yi daidai, domin tsayi bai canza ba, shi ya sa matsalar ba ta bayyana sai bayan an bar ƙasa. Jirgin da ke hawa a not 74 na gaskiya zai ga agogonsa a 57 bayan ƙafa 100, a 46 bayan ƙafa 150, ya kusa sifiri a ƙafa 250. Haɗarin a nan shi ne matuƙi ya sunkuyar da hancin jirgi don neman gudu alhali yana dab da ƙasa. Jirgin Aeroperu mai lamba 603 ya faɗa teku kusa da Lima a 2 ga Oktoba 1996 da mutum 70, saboda salatif ɗin da aka liƙa a hudojin gefe lokacin goge jikin jirgin, aka manta ba a cire ba.

3.4 Yoyo, ruwa da rabin toshewa

Yoyo a tiyon Pitot yana sa agogon ya nuna ƙasa da gaskiya a kowane tsayi, kuma giɓin yana ƙaruwa idan gudu ya ƙaru. Yoyo a tiyon gefe, a cikin ɗakin matuƙi, yakan sa agogon gudu da na tsayi su ɗan haura gaskiya, domin matsin cikin ɗakin ƙaramin jirgi yakan yi ƙasa da na waje yayin tafiya. Alamarsa ita ce hannuwan agogo su yi tsalle idan aka buɗe taga ko mashigar iska. Ruwa a cikin tiyo yana sa hannu ya riƙa fizga, ya tsaya, ya sake fizga. Rabin toshewa kuma yana sa shi nawa, jirgi ya canza gudu amma sai bayan daƙiƙu hannun ya biyo.

3.5 Laifin agogon kansa

Alamomin da ke nuni ga cikin agogo su ne hannu ya ƙi komawa mazauninsa bayan an sauka, ko ya riƙa maƙalewa a wuri guda sai an ƙwanƙwasa gilashi, ko ya kauce da adadi iri ɗaya bayan an tabbatar da lafiyar tiyo. Sau da yawa musabbabin hannun mutum ne: wani ya sa baki ya hura bututun Pitot, ko ya nufe shi da tiyon wanki mai ƙarfi, jakar ƙarfen ta buɗe fiye da iyakarta.

4.0 Tsarin Bincike a Ƙasa

4.1 Jin ta bakin matuƙi

Rahoton da ya tsaya ga "agogon gudu ba ya aiki daidai" bai taimaki injiniya da komai ba. Ya kamata a tambayi matuƙi: hannun ya motsa a kan titi? Ya nuna sama ko ƙasa, kuma a lokacin hawa ne ko sauka? Me agogon tsayi ya yi? An gwada buɗe kafar iska ta ko-ta-kwana, wadda ke maye gurbin hudar gefe, me ya canza? An yi ruwan sama, an wanke jirgin, an yi masa fenti, ko an taɓa bayan allon agogo kwanan nan? Kwana nawa ya yi a ajiye? Amsoshin waɗannan kaɗai sukan raba matsalar gida biyu, ɓangaren Pitot ko ɓangaren gefe, kafin a ɗauki sifana.

4.2 Tabbatar da cewa akwai matsalar

Wasu ƙorafe-ƙorafen sun samo asali ne daga kwatanta agogon da na'urar GPS. GPS saurin ƙasa take nunawa, wanda iska ke ƙarawa ko ragewa. Bayan haka, agogon an saita shi ne bisa nauyin iskar gaɓar teku, don haka saurin gaskiya yana fin abin da yake nunawa da kimanin kashi biyu cikin ɗari a kowace ƙafa dubu. A filin jirgin Jos, mai tsayin sama da ƙafa 4,200, ranar da zafi ya kai digiri 30, iska tana yin sauƙi kamar ta ƙafa 7,000, agogon da ke nuna 100 yana nufin kusan 111 a zahiri. Agogon lafiyarsa ƙalau. Hanyar kwatanci mai inganci ita ce a yi tafiya ta fuskoki uku mabambanta a tsayi ɗaya da gudu ɗaya, a rubuta saurin ƙasa da alƙiblar kowace, a fitar da tasirin iska ta lissafi, sannan a gyara don tsayi da zafi.

4.3 Duba da ido

A haska tocila cikin bakin bututun da hudar tsiyaya. A ƙasar Hausa babban abin zargi shi ne zanzaro, wanda ke neman ƙaramin rami ya cusa laka ya yi gida, musamman da damina. Lakar takan zauna can ciki, inda ido ba ya kaiwa daga waje. Kuma ƙwaron ba ya bukatar kwanaki. A filin jirgin Birisben na Ostareliya, a Nuwamba 2013, irin wannan ƙwaro ya toshe bututun wani jirgin Airbus A330 da ya yi kimanin awa biyu a ƙasa. Wani bincike da aka yi a filin daga 2016 zuwa 2019 da bututun kwaikwayo ya samu toshewa 93. Da hunturu kuma ƙurar hazo tana shiga tiyo, idan danshi ya same ta ta zama taɓo.

A duba ko bututun ya karkace, domin kan mutum ko tsani yakan buge shi a rumfar jirage. A duba hudar gefe ko kakin goge jiki, fenti ko salatif ya rufe ta. Ko tudun fenti a gefen hudar yana canza yadda iska ke bi ta kanta. Kada a tsokane ta da waya ko allura, faɗaɗa bakinta yana ɓata ma'auni. A buɗe magudanan ruwa idan jirgin yana da su. Idan bututun yana da na'urar ɗumamawa, a kunna ta na ɗan lokaci a ji ko ya yi ɗumi, bayan an cire murfin bututun, domin robar murfi da ta narke ita ma tana toshe baki.

4.4 Gwajin yoyo

Don ɓangaren Pitot, a toshe hudar tsiyaya da salatif mai launi, a sa tiyon roba mai laushi a bakin bututun, a riƙa naɗe ɗaya ƙarshen a hankali, mutum na biyu yana kallon agogo. Kundin shawarwari na hukumar jiragen sama ta Amurka mai lamba AC 43.13-1B ya ba da ma'aunin not 150, a matse tiyon, cikin minti ɗaya kada hannun ya sauka fiye da not 10. Idan littafin kamfanin da ya ƙera jirgin ya ba da nasa adadi, shi za a bi. A warware tiyon a hankali kamar yadda aka naɗe shi. Wannan gwaji yana amsa tambaya biyu: idan hannu bai tashi ba, akwai toshewa ko babbar ɓaraka, idan ya tashi ya sulale, yoyo ne. Ana gano wurin yoyon ta hanyar shafa ruwan sabulu a mahaɗai, ko a raba tiyon kashi-kashi ana gwada kowane.

Don ɓangaren gefe, ana zuƙe iska a hankali har agogon tsayi ya nuna ƙafa 1,000 sama da filin, a rufe. A jirgin da ba a matsa iskar ɗakinsa, kada ya sauka fiye da ƙafa 100 cikin minti ɗaya. A lura cewa wannan zuƙa za ta kai hannun agogon gudu kusan not 150, don haka wuce ƙafa dubu ba tare da daidaita ɓangaren Pitot ba yana iya lalata shi. Ba a tura iska cikin hudar gefe, ba a kuma zuƙar bututun Pitot, muddin agogo yana haɗe.

Wuraren da yoyo ya fi zama su ne mahaɗan roba da zafin rana ya busar, tiyon da ya goge da jikin ƙarfe, kwalbar tara ruwa da ta tsage, famfon kafar ko-ta-kwana da bai rufu sosai ba, da gefen gilashin agogo. Duk wurin da aka yi aiki kwanan nan, musamman sa sabuwar rediyo, shi za a fara dubawa.

4.5 Share tiyo da gwada agogo

Idan toshewa ce, a cire tiyo daga bayan dukan agogon, a toshe bakunansu, a hura busasshiyar iska marar ƙarfi daga ciki zuwa waje, yadda dattin zai fita ta inda ya shigo. Bayan an mayar, dole a maimaita gwajin yoyo. Sai idan duk wannan ya wuce lafiya za a haɗa agogon da na'urar gwaji, a kwatanta karatunsa a matakai daban-daban, hawa da sauka. Wanda ba shi da na'urar zai iya samun haske da tiyo mai siffar harafin U da ruwa a ciki: bambancin santimita 6 ya kamata ya ba da kusan not 60, santimita 16 da rabi ya ba da 100. Wannan na gano matsala ne kawai. Buɗe cikin agogo aikin ɗakin gyaran da aka amince da shi ne, sa hannun sakin jirgi kuma na injiniya mai lasisi ne.

Jiragen da ke da allon kwamfuta irin Garmin G1000 ba su tsira daga wannan ba. Kwamfutar tana shan iska ta irin waɗannan tiyo. Idan ita ce ta mutu, allon zai nuna jan gicciye. Idan tiyo ne ya toshe, za ta nuna lambar ƙarya ba tare da gargaɗi ba, agogon ko-ta-kwana da ke shan tiyo ɗaya da ita kuma ya mara mata baya.

5.0 Idan Matsalar ta Bayyana a Sama

Wuri mafi arha na kama wannan matsala shi ne titin tashi. Idan jirgi ya fara gudu hannun agogo bai motsa ba, a rage wuta a tsaya tun titi bai ƙare ba. Idan an riga an tashi, matuƙi ya koma ga abin da ya sani: matsayin hancin jirgi da ƙarfin inji. Cikakkiyar wuta da hancin hawa na yau da kullum za su ba da saurin hawa na yau da kullum, ko agogo ya yarda ko bai yarda ba. Daga nan a kunna ɗumamar bututu, a buɗe kafar ko-ta-kwana, a kalli sauran agogon biyu. Ƙahon gargaɗin kasawar fiffike ba ya shan iska daga wannan tsari, don haka idan ya yi kuka a gaskata shi. A sauka a titi mai tsawo, da ɗan rarar gudu.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa kowace matsala a wannan tsari tana da sawunta a fuskar agogo uku, kuma wanda ya iya karanta sawun zai san inda zai duba kafin ya kwance ko da noti ɗaya. Bisa haka ake ba da shawara huɗu. A riƙa rufe bututun Pitot da murfi mai jan ƙyalle ko da tsayuwar awa ɗaya ce, a kuma sa cire shi cikin jerin abin dubawa, domin a Yulin 2018 wani jirgin A330 ya tashi daga Birisben da murafan uku a jikinsa. Duk salatif da aka liƙa a jikin jirgi ya zama mai launi da jela mai tsawo, a kuma rubuta shi a takardar aiki. A yi gwajin yoyo duk lokacin da aka taɓa tiyo, ba sai an jira zagayen wata 24 da dokar Amurka ta gindaya wa jiragen da ke tafiya cikin gajimare ba. Makarantun tuƙi kuma su riƙa rufe agogon gudu da takarda, malami yana gefe, har ɗalibi ya iya hawa, zagaya fili da sauka ba tare da shi ba.